Gwajin Ya Ce Ciki Ne

Wulari, Maiduguri
9 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga Yaya Phoebe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da karatu da barkonon mutanen Ibadan. Maigidana Simon, Baban Naomi, yana lafiya, yana nan yana aikinsa na akawu. Naomi ta shiga shekara ta biyar, surutu kamar rediyo. Ni kuwa ba zan yi miki ƙarya in ce lafiya lau ba.

Na san za ki buɗe takardar nan ki ce wace Susanna kuma. Ni ce jikar Kaka Hassana ta Marama, wadda suke uba ɗaya da kakarki. Rabonmu da juna tun bikin Florence, inda kika ja ni gefe kika ce in rage baki. Ban rage ba. Kawu Manasse ne ya ba ni adireshinki, ya ce karatun da kike yi a jami'a na abubuwan da ke cikin jini da tsoka ne, waɗanda ido ba ya gani. To, yau karatunki zai yi rana.

A watan Nuwamba na yi ɓari. Aka kai ni asibiti aka yi min wankin ciki. Abin da ya fito ba shi da siffar ɗa ko kaɗan, wasu ƙananan ƙulluka ne masu ruwa, a haɗe kamar ƙwan kifi. Na dawo gida jini bai tsaya ba. Bayan Kirsimeti na koma, suka gwada fitsarina, gwajin ya ce ina da ciki. Likita ya duba ni sosai ya ce babu ɗa, ragowar abin nan ne yake ci gaba da tsiro a mahaifa, in an bar shi zai kai har huhu. Ya ce akwai allurar da ke kashe shi, a yi ta na 'yan kwanaki, a huta, a sake. Na sa hannu da kaina, an ma fara.

Matsalar tana gida. Mama, uwar Baban Naomi, ta zo daga Marama jinya, kuma tana tsaye nas ta faɗi abin da gwajin ya nuna. Tun daga ranar ta kafe a kan cewa cikin ne ya kwanta. Ta ce a ƙauye ta ga wanda ya kwanta shekara biyu ya tashi aka haifi ɗa namiji lafiyayye. “Takardar asibiti da kanta ta ce ciki ne,” in ji ta, “ke kuma kin miƙa hannu ana kashe shi.” Baban Naomi yana kai ni asibiti a babur.

Ni malamar aji huɗu ce, Yaya, ba na son a ce min “ki dai bi” ba tare da dalili ba. Likita ba shi da lokaci, mutane cike a bakin ƙofarsa. Ki gaya min da Hausa, yadda zan gane: ta yaya gwaji zai ce ciki ne alhali babu ɗa? Kuma me allurar nan take yi a jikina? Tsoro nake ji, na faɗa miki ke kaɗai. A gabansu ba na nunawa.

Ki huta lafiya. Ni ce ƙanwarki,
Susanna

Ibadan
25 ga Fabrairu, 1987

Ƙanwata Susanna,

Na amsa gaisuwarki da farin ciki, ina kuma gaida Malam Simon da Mama da Naomi. Ni lafiyata ƙalau, barkonon ma mun saba. Batun wace Susanna kuwa, wanda ya taɓa jin bakin nan ba ya mantawa.

Ni ba likita ba ce, aikina a ɗakin gwaji yake, kuma likitanki ya gan ki, ni ban gan ki ba. Amma abin da ya gaya miki ya yi daidai da abin da na sani. Ki gyara zama, yau ke ce 'yar aji.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. A cikin kowace akwai wani dogon zare da ake kira DNA, a jikinsa aka jera umarnin yadda ƙwayar za ta kasance da aikin da za ta yi. Kin tuna yadda Kaka Hassana take tufka igiyar rama, sili biyu a murɗe? Haka zaren yake. Kowane sili jerin abubuwa ne iri huɗu, an laƙaba musu A da T da G da C, kuma ba sa kama juna da ka. A sai da T, G sai da C. Saboda haka in kin san sili ɗaya, kin san ɗan'uwansa.

Idan ƙwaya za ta rabu biyu, dole kowace ta tafi da cikakken zarenta. Sai wani sinadari ya bi igiyar yana warware ta. Wani ya biyo baya a kan kowane tsohon sili yana jera masa sabon aboki, ya ga A ya sa T, ya ga G ya sa C. In ya yi kuskure yakan ja baya ya cire ya gyara. A ƙarshe sai ga igiya biyu iri ɗaya, kowace da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya. Ta haka Naomi take girma, ta haka rauni yake warkewa. Ƙwaya mai lafiya takan yi wannan aikin in an buƙata, sannan ta dakata.

Yanzu naki. A ciki na gaskiya rabin zaren daga uwa yake, rabi daga uba. A irin naki, mafi yawan lokuta ƙwan ne yake zuwa babu zaren uwa a ciki, sai na uba ya kwafi kansa ya cike gurbin. Duk abin da ya tsiro daga gefen uba yake. Da wannan kaɗai kuwa ba a yin ɗa, sai mabiyiya zalla. Ragowar mabiyiyar ce ta ƙi dakatawa, tana ta warwarewa tana kwafa. Gwajin fitsari kuma ba ya ganin jariri. Wani sinadari yake nema wanda mabiyiya ke zubawa a jini ya fita ta fitsari, in ya same shi sai ya ce ciki ne.

Allurar kuwa, ga dabararta. Ƙwaya ba ta tsintar T ɗin nan a ƙasa, sai ta ƙera shi, allurar kuma hanyar ƙerawar take toshewa. Duk ƙwayar da ke gaggawar rabuwa za ta warware igiyarta ta rasa abin jerawa, ta mutu a nan. Ƙwayoyin cikin bakinki da na gashi da na jini su ma masu gaggawa ne, za su ji jiki, kada ki firgita. Su za su farfaɗo. Ciwon nan yana cikin waɗanda ake warkewa sarai, in ba a fasa a tsakiya ba.

Kada ki fasa, Susanna. Ina yi miki addu'a kullum.

Yayarki,
Phoebe

Wulari
16 ga Maris, 1987

Yaya Phoebe,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mutanen gida lafiyarsu ƙalau, har ta yi musu yawa. Ni bakina duk ya yi miki kamar yadda kika ce, kunu kawai nake iya sha, gashi kuma yana biyo mataji.

Bayaninki ya shige ni, na gode. Amma kin kunna min wuta a gida. Akwatin gidan wayar da na ba ki na ofishin Baban Naomi ne, shi kuma akawu ne, hannunsa ba ya ganin ambulan ya ƙyale. Ya karanta takardar kaf, layi ɗaya ne kawai ya shiga kansa. Ya dawo da rana tsaka ya ajiye min ita a kan tebur, ya ja jan biro a ƙarƙashin inda kika ce duk abin da ya tsiro daga gefen uba yake. Ya ce, “Wato 'yar'uwarki ta zauna a Ibadan ta gano ni na sa miki ciwo.” Na ce ya karanta abin da ke biye. Ya ce abin da ya karanta ya ishe shi.

Mama ta sa ya fassara mata da yarenmu na Bura, ita kuma ta ɗauke shi ta wata fuska. Ta ce ai ga shi mai ilimi ma ta shaida, abin da ke cikina jinin ɗanta ne zalla, ni ajiya aka ba ni, ba ni da ikon taɓa shi. Kin gani? Layi ɗaya, ɗa ya ji zagi, uwa ta ji jika.

Ta kai maganar zumuntar mata ta majami'armu, zumunta ta kai wa dattawan ikilisiya. Suka kira ni ranar Laraba. Wani a cikinsu ya tambaye ni da murya mai sanyi ko na san hukuncin mai zubar da ciki. Na ce na sani, kuma ranar da na zubar zan kawo kaina ba sai an aiko ba. Na so in yi musu bayanin igiyar nan, suka ce ba darasi aka kira ni in bayar ba. Sun ba ni lokaci in yi tunani in dakatar da allurar. Na ce musu na gama tunanin tun a gida.

Baban Naomi ya daina kai ni asibiti. Bai hana ni ba, babur ɗin ne kullum yake da wani ciwo. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, Babarbariya mai sayar da busasshen kifi a Baga Road, ita ke barin rumfarta ta sa ni a tasi. Jiya ta leƙo da gaisuwarsu ta Barebari ta ce, “Wushe, Malama, tashi. Su yi ta magana, kai je ka sha allura.” Hausarta ba ta san mace da namiji ba, amma ta fi ta dattawa daɗin ji.

Abu ɗaya nake yi wa Mama don a zauna lafiya. Ta sayo min ƙananan magungunan nan rawaya a kemis, na ƙarin jini da ake ba masu ciki, wai ɗan ya samu ƙarfin jure allura. Safe da yamma take tsayawa a kaina in haɗiye. Na ce wannan dai ba ya cutar da kowa.

Daga yau ki riƙa rubuto min ta adireshin makarantarmu, yana bayan takardar nan.

Ƙanwarki,
Susanna

Wulari
20 ga Afrilu, 1987

Yaya Phoebe,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba tunda ba ki ga damar faɗa min ba.

Wata guda ke nan shiru. In haushi kika ji don na ce kin kunna min wuta, ki faɗa, ni ma na iya haushi. In kuma Baban Naomi ya rubuto miki ne kika ga gara ki tsame hannunki daga rikicin gidan wasu, shi ma ki faɗa. Na san zumuncinmu na nesa ne, ba dole a kanki.

Dattawa sun sa ni ƙarƙashin horo. Ba na cin jibin Ubangiji, an karɓe min waƙa a zumunta. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne fuskar likita. Ya ce sinadarin nan na mabiyiya ya fara sauka da kyau, sai ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi motsi. Ya tambaye ni ko na tsallake allura, na ce ko ɗaya. Mama ta ji labari ta ɗaga hannu sama ta ce ɗan ya fi ƙarfin allura.

Zan ci gaba, ko da ke ko babu ke. Amma da ke ya fi sauƙi, ba zan ɓoye ba.

Susanna

Ibadan
2 ga Mayu, 1987

Susanna,

Gaisuwa a taƙaice, ina lafiya, sauran sai daga baya. Ki daina shan magungunan nan rawaya yau ɗin nan. Ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitanki ya gani da idonsa, ki gaya masa tun yaushe kike sha.

Ga dalili. Abin da ke cikinsu shi ne ainihin abin da ƙwaya ke amfani da shi wajen ƙera T ɗin da na gaya miki. Don haka ake ba masu ciki, jariri yana kwafar zare ba dare ba rana. A wurinki kuwa, allura tana toshe hanya, maganin yana ta turo kaya. Ba zan rantse shi kaɗai ya tsayar da saukar ba, wani lokaci ciwon kansa ne yake taurin kai sai an canza allura. Likita ne zai yanke. Amma ba zai yanke daidai ba in bai san abin da kike haɗiya ba.

Na rubuta miki wannan tun ranar da takardarki ta Maris ta iso, na sake rubutawa bayan mako guda. Sai da ta Afrilu ta zo na tuna makarantu suna hutun Ista, takarduna suna can kwance a ofishin hedimasta. Na yi kuka don takaici. Wannan na kai ta kasuwa da kaina, na samu direban da ya sauke kifi daga Baga Road, ya ce ya san rumfar Ya Falmata. In ta zo tana ƙarni, ki yi haƙuri. Kuma kada ki ƙara ce min zumuncinmu na nesa ne.

Batun layin da aka ja wa jan biro, na ji zafin abin da ya jawo miki, amma ba zan goge shi ba, gaskiya ne. Ki gaya wa Malam Simon babu namijin da yake zaɓar wannan, babu macen da take jawo shi. Ba ciwon da ya ɗauko daga wani wuri ba ne, ba kuma aibin danginsu ba. Hatsari ne na lokacin haɗuwar ƙwai, yana iya samun gidan kowa, har na fasto. In yana son ya yi fushi da ni ya yi, ina da faɗin baya. Amma ya gyara babur ɗinsa.

Mama kuwa ƙauna ce ta kai ta kemis, na sani. Ki tausaya mata, amma kada ki haɗiye.

Yayarki ta kusa,
Phoebe

Wulari
14 ga Satumba, 1987

Yaya Phoebe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, jarrabawa kuma ta zo da sauƙi. Baban Naomi lafiya, Naomi ta shiga makaranta. Damina ta yi kyau a nan, Wulari duk taɓo. Na aiko miki 'yan gajerun saƙonni ta hannun direban kifi, amma cikakken labari sai yau na samu ƙarfin zama in rubuta.

Ranar da takardarki ta zo na kai kwalbar asibiti. Likita ya juya ta a hannu ya dube ni, ya ce malamar makaranta guda. Na ce ya yi faɗan daga baya, yanzu ya yi magani. Ya canza min allura zuwa wata mai ƙarfi. Wannan ta kwantar da ni sosai, gashina ya tafi gaba ɗaya, akwai ranakun da Ya Falmata ce take riƙe ni zuwa bakin titi.

Da yammar ranar da na kai kwalbar, Mama ta zo da ruwa a kofi kamar kullum. Na damƙa mata kwalbar a hannu na ce, “Mama, na gode, amma na gama sha.” Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce, “Ina ji. Shi ya ba ni Naomi, kuma ba zan bar ta marainiya saboda ɗan da babu shi ba.” Ta zauna a bakin gado ta yi kuka irin na wadda aka yi wa mutuwa. Na tausaya mata har cikin raina, Yaya, don ita da gaske take. Amma ban haɗiye ba.

A watan jiya gwajin ya ce babu ciki. Aka sake, aka kuma sakewa, babu. Likita ya ce an gama allura, sai dai in riƙa zuwa gwaji, kuma kada in ɗauki ciki sai bayan shekara. Na fito na tsaya a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta taɓu.

Kin san me ya biyo baya? Labari ya kai zumunta cewa cikin ya fita. Ranar Asabar sai ga mata sun cika min tsakar gida, kowa da fuskar makoki, suna ce wa Mama sannu da haƙuri, suna juyowa su ce min haka ni ma. Na fito da ɗankwalina mafi kyau na ce, “Iyayena, wadda ta zo yi min barka ta zauna ga shinkafa. Wadda ta zo ta'aziyya ta yi ɓatan gida, babu wanda ya mutu a nan.” Wasu suka tashi. Wasu suka zauna suka ci, har da ƙari. Mama ta koma Marama bayan kwana biyu, ba ta yi min sallama ba.

Dattawa sun aiko cewa tunda abin ya riga ya wuce, in tsaya gaban jama'a in ce na tuba, a maido ni. Kalma biyu kawai, in ji su, kowa ya huta. Na ce a gaya musu ina da zunubai da yawa, in suna so in jero musu, amma wannan ba ya ciki. Saboda haka har yanzu a bencin baya nake zama, kusa da ƙofa, inda ake ajiye masu horo. Ina zuwa da wuri, ina rera waƙa da ƙarfi, ana juyowa ana kallona.

Jiya Lahadi ana tsakiyar waƙar farko, Baban Naomi ya tashi daga wurinsa na gaba cikin maza, ya ratso majami'a da littafinsa a hannu kowa yana gani, ya zo ya zauna kusa da ni. Bai dube ni ba. Da aka zo raba jibi bai tashi ba. Har yanzu ban sani ba ko ya yarda babu ɗa, ko kuwa yana ganin akwai ya dai zaɓe ni. Ban tambaye shi ba, kuma ba na jin zan tambaya.

In wani daga Marama ya rubuto yana neman labarina, kada ki tsaya dogon bayani. Ki ce masa Susanna tana raye, kuma ba ta tuba ba.

Ki huta lafiya. Ni ce ƙanwarki,
Susanna